Roƙon fili a rediyo domin siffanta zane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, roƙo ne ke tafe da ni, amma bari in fara da mafarinsa.

Mahaifina tsohon malamin zane ne. Yanzu idonsa ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarsa. Makon jiya ya ce in buɗe waya in siffanta masa zanen birnin Delft na ƙasar Holan, wanda Johannes Vermeer ya yi wajen shekarar 1660. Ya san shi tun yana koyarwa, kewarsa ce ta kama shi.

Da sama na fara, domin gajimare ya cinye fiye da rabin zanen. Wani baƙin hadari ya tsaya daga gaba, inuwarsa ta lulluɓe ganuwa da ƙofofin gari biyu, ta Schiedam da ta Rotterdam, da 'yar gadar dutse a tsakaninsu. Can ciki kuwa rana ta sami kafa, ta haske rufin gidaje da hasumiyar Sabuwar Majami'a har tana ɗaukar ido. Nan Baba ya ce in dakata. Ya ce ai sirrin ke nan: an bar gaba a inuwa, an zuba haske a baya, shi ya sa ido ke tsallake ruwan da ke gaban garin ya shige ciki.

Ruwan kwance yake luf, inuwar gine-gine ta miƙe a kansa. Agogon ƙofar Schiedam na nuna wajen ƙarfe bakwai na safe. A bakin gaɓa ga mutane ƙalilan kusa da wani jirgi, mata biyu sun keɓe suna hira. Da na ambaci ɗigo-ɗigon hasken da ke jikin jiragen, sai ya yi murmushi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin da ya ƙara mini. A 1654 rumbun albarushi ya fashe a garin, ya rushe unguwanni, ya hallaka jama'a da yawa, har da mai zane Carel Fabritius. Bayan shekara shida kacal, Vermeer, ɗan garin, ya zana birnin cikin wannan natsuwa ta safiya.

Zanen yana gidan adana zane-zane na Mauritshuis da ke birnin Hague tun 1822, kuma kaɗan ne cikinmu za su je can. Don Allah ku ware minti goma a mako, wani mai iya magana ya riƙa siffanta zane guda da Hausa, a tsanake. Baba ya ce in shaida muku shi ne zai fara kunna rediyo.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Zariya