A Ware Wa Sharhin Farfesa Abdalla Uba Adamu Shafi da Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Roƙonmu shi ne jaridarku ta buɗe shafin sharhin adabi da fim, ta fara da rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Sau biyu ya kai matsayin farfesa, a koyar da kimiyya a 1997, sai a nazarin kafofin watsa labarai da al'adu a 2012, ya kuma riƙe shugabancin jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, daga 2016 zuwa 2021. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake yi wa littattafan soyayya kallon raini ana ce musu adabin kasuwar Kano, shi ya tsaya musu a shafin adabi na jaridar New Nigerian Weekly da Ibrahim Sheme ke kula da shi.

Waccan muhawara tana nan a takarda, mai nema zai samu. Ta yanzu kuwa a Facebook ake yin ta, galibi da Turanci, alhali marubuta da 'yan fim ɗin da ake magana a kansu ba duka ke jin Turancin jami'a ba. Abin da ke intanet kuma aro ne. Zauren Finafinan Hausa na Yahoo, inda aka yi shekaru ana tafka mahawara, ya tafi da kamfanin ya rufe zaurukansa a Disamban 2020.

Aikin ba shi da wuya. A nemi izinin Farfesa a rubuce, a fassara maƙalarsa guda zuwa Hausa duk mako biyu, a mayar masa ya duba kafin a buga, domin mai fassarar da bai san harkar fim ba kan mai da zolaya ta koma zagi. Kada ta wuce kalmomi 800. In ta fi haka a raba ta biyu, kada a yanke hujjojin a bar hukuncin tsirara. A sa ranar da ya fara wallafa ta a ƙarƙashin take, saboda in aka kwashe ta zuwa WhatsApp, suna da kwanan wata ke fara ɓacewa, sai tsohuwar magana ta dawo kamar martani ga rigimar jiya. A gwada ƙ, ɗ da ɓ a waya tukuna, don wasu nau'o'in rubutun shafin intanet kan mai da su akwatuna.

Wanda aka soka a ba shi fili a fitowa ta gaba, daidai tsawon sukar.

Wassalam.

Wasu manazarta adabin Hausa, Kano.