Na tsinci allura a ɗakin ɗana, Anti ki ba ni shawara kafin babansa ya dawo

Assalamu alaikum Anti, barkanki da warhaka, ya aiki ya iyali, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan shiri. Ni mai sauraronki ce daga nesa, ta intanet nake kama ku, lokacin da kuke yi da daddare mu nan la'asar ma ba ta yi ba. Dan Allah ki sakaya sunana da unguwarmu ta gida don dangina a Kano suna jin shirin nan sosai.

Muna zaune a gefen birnin Dalas a jihar Tekzas ta Amurka, shekara 11 kenan. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a gidan jinya, yawanci aikin dare, maigidan kuma direban babbar mota ne, in ya fita sai ya yi sati biyu ko uku a hanya. Yaranmu huɗu. Maganar a kan na farin ne, kin san mu da kunyar ɗan fari, ko a nan ɗin ban taɓa kiran sunansa ba. Shekararsa 17, yana aji 11, saura shekara ɗaya ya gama sakandare.

Yaron nan ƙwallo yake bugawa a makarantarsu, amma ba irin tamu ba, irin tasu ce ta hular kwano da kafaɗun roba wadda ake gware ana kayar da juna. Anti in ba ki zo Tekzas ba ba za ki gane yadda suka ɗauki abin nan ba. Duk daren Juma'a a lokacin kakar wasa gari ne ke tashi ya tafi kallon yaran sakandare, da 'yan badujala da fitilu da 'yan jarida. Akwai wani gari Allen nan kusa da mu, filin makarantar sakandarensu kaɗai yana cin mutum 18,000, dala miliyan 60 aka kashe aka gina shi, don yara 'yan 16 da 17 fa. Ɗana ba can yake ba, amma haukan duk iri ɗaya ne. Kuma a waɗannan wasannin ne mutanen jami'o'i suke zuwa su duba yara, wanda ya yi musu sai su ɗauke shi ya yi karatu kyauta.

Tun bazarar da ta wuce na ga yaro yana canzawa. Shi da ma dogo ne siriri irin dangin babansa, sai ga shi cikin wata uku ya buɗe, wuya ya yi kauri, rigunan da na sai masa da sallah sun ƙi shiga. Na ɗora shi a sikeli ya tashi daga kilo 73 zuwa 85. Wallahi Anti murna na yi, har hotonsa na tura wa kakarsa tana ta sa albarka wai jikanta ya zama ƙato. Na ɗauka tuwo ne da ƙwai da garin furotin ɗin da yake damawa da madara, da ɗaga ƙarfe da yake zuwa yi a jim kullum da asuba. Sai ƙuraje suka feso masa a baya da kafaɗu, manya masu ruwa har suna ɓata zanin gado, na ce balaga ce. Sai faɗa. Yaron da ko ƙannensa suka hau kansa dariya yake yi, ranar nan don ƙanwarsa ta taɓa masa caja ya naushi ƙofar ɗaki sai da ta huje, yarinyar ta ruga bayana tana karkarwa, shi kansa ya tsaya yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba. Nan ma na ce ƙuruciya ce da rashin uba a gida.

Ran Talatar makon jiya na dawo daga aiki da safe, sun tafi makaranta, na shiga ɗakinsa kwaso wanki. Na jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado don in share wajen, na ji abu yana ƙara a ciki. Ina buɗewa na ga 'yan kwalabe biyu ƙanana masu murfin roba irin na asibiti, da wani ruwa a ciki kamar man gyaɗa, ɗaya ta kusa ƙarewa, ga sirinji sababbi a leda sun kai goma, ga audugar goge fata, ga wata leda da ƙananan ƙwayoyi ruwan hoda babu takarda babu komai. Allurorin da ya riga ya yi amfani da su kuma ya tara su a cikin robar lemo. A jikin kwalbar an rubuta testosterone. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, a ƙasa na zauna, ina ta innalillahi, ban san na kai azahar a wajen ba.

Da daddare na ɗauki hoton kayan na nuna wa wata nas da muke aiki tare, babbar mace ce 'yar Ghana, na amince da ita. Ni da farko na zaci irin abin da 'yan mata suke sha ne a gida don su yi ƙiba, sha ka fashe ɗin nan. Ta ce a'a, wancan daban, wannan sitiroyid ne na gina tsoka, sinadarin namiji ne ake ɗura wa jiki fiye da kima, ƙwayoyin kuma ta ce da alama Dianabol ne amma tunda ba a kantin magani aka saya ba babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Ta zaunar da ni ta yi min bayani tiryan tiryan. Ta ce ƙwayar tana wahalar da hanta, duka biyun suna ɗaga hawan jini su ɓata kitsen jini su kumbura zuciya. Ta ce yaron da bai gama girma ba abin yana iya rufe masa ƙashi tsawonsa ya tsaya. Wanda ya fi daga min hankali, ta ce idan jiki ya ga ana kawo masa sinadarin daga waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wasu har nono yake fito musu. Anti ki yi haƙuri da na faɗi haka ɓaro ɓaro a rediyo, amma gara iyaye su ji. Nan take na tuna ashe wata biyu kenan ban ga yaron nan ba riga ba, shi da da gajeren wando yake yawo a gida.

Na ce mata to yanzu zan je in zuba komai a masai. Ta riƙe min hannu ta ce kada in kuskura in yi abin nan ni kaɗai ba likita. Ta ce lokacin dainawa shi ne lokacin haɗari, saboda na wajen ya yanke na jikin kuma bai farfaɗo ba, sai yaro ya faɗa baƙin ciki mai tsanani, ba ƙarfi ba barci ba sha'awar komai. Ta ba ni labarin wani yaro Taylor Hooton, ɗan garin Plano, nan arewa da Dalas, mota ba ta minti talatin daga gidanmu. Shi ƙwallon sanda yake bugawa, shekararsa 17 daidai da nawa, ya yi amfani da sitiroyid don ya ƙara jiki, bayan ya daina ne a watan Yulin 2003 ya kashe kansa a gidansu. Babansa ya kafa gidauniya da sunansa yana yawo makarantu yana wayar da kai, har gaban majalisar dokokin Amurka ya je ya yi bayani a 2005. Na dawo gida na nemi hoton yaron a waya, kyakkyawa yana murmushi, na yi kuka kamar nawa ne.

Na kuma tambayi nas ɗin, to makaranta ba sa gwada su ne? Ashe jihar Tekzas ta taɓa yi, daga 2008 aka riƙa gwada fitsarin yaran wasa ba zato ba tsammani, aka kashe kusan dala miliyan 10, waɗanda aka kama ba su taka kara sun karya ba, a 2015 aka soke shirin. Yanzu dai babu mai duba min ɗa sai ni.

Ran Alhamis na jira ƙannensa suka kwanta na kira shi kicin na ajiye kwalin a kan tebur. Bai yi musu ba. Ya ce a wajen wani babban saurayi yake saya a jim ɗin unguwa, ba na makaranta ba, da kuɗin da yake samu a aikin kanti na Asabar da Lahadi. A cinya yake yi wa kansa sau biyu a sati, a waya ya koyi yadda ake yi. Wai tsarin sati 12 ne, yana na 9, in bar shi ya ƙarasa shikenan ba zai sake ba. Ya ce kocinsu bai taɓa ce masa ya sha komai ba, kuma na yarda, abin da ya ce masa kawai shi ne yana da gudu amma ba shi da jiki, in bai ƙara nauyi ba benci zai ci gaba da ɗumamawa. Na ce yanzu saboda ƙwallo za ka kashe kanka? Sai ya ɗago da jajayen idanu, da Hausarsa da ta fara tsinkewa ya ce, Mama ba ku ne kuka ce ba ku da kuɗin jami'a ba? Ba Baba ne yake cewa ko in samu sikolaship ko in bi shi tuƙin mota ba?

Anti wannan maganar ita ta hana ni barci har yau. Gaskiya ya faɗa. Mun faɗa, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, a gaban baƙi ma, muna alfahari wai ga wanda zai fitar da mu kunya, ƙannensa uku suna bayansa, ga kuɗin da muke turawa gida duk wata. Mun ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, shi kuma ya je ya nemo wuyan a kwalba. Daga baya ma na gano ita kanta hukumar wasannin jami'o'in, NCAA, ta ce cikin yaran da suke wasa a sakandare kusan 2 cikin 100 ne kaɗai suke samun tallafin karatu ta hanyar wasa. A kan wannan muka jingina rayuwar ɗanmu.

Ya roƙe ni da Allah da Annabi kada in gaya wa babansa. Kuma ni na san mijina, mutumin kirki ne amma zuciya gare shi, ya sha faɗa cewa duk ɗan da ya taɓa ƙwaya a gidansa jirgi zai sa shi ya kai shi Kano wajen yayansa. Ina tsoron ya ɗaga hannu, yaron kuma yanzu ba na da ba ne, ƙarfi ya zo masa ga saurin fushi, kuma a ƙasar nan ihu ɗaya maƙwabci ya ji sai 'yan sanda. Ga wata matsalar, tun 1990 dokar Amurka ta sa sitiroyid cikin magungunan da laifi ne a kama ka da su ba takardar likita, mu kuma har yanzu girin kad, wato katin izinin zama, gare mu dukkanmu har shi, a Kano aka haife shi, kuma laifin ƙwaya yana iya taɓa takardun zaman mutum. Shi ya sa ko makarantar na kasa tunkara, duk da ya ce min ba shi kaɗai ba ne a cikin 'yan wasan, akwai wasu biyu, kuma uwar ɗaya daga cikinsu muna gaisawa a filin wasa, mace mai fara'a, tana zuwa da ƙaramar kujerarta da bargo. Ina kallonta ina jin kamar na ci amanarta. Limaminmu ma na yi tunanin samu, to mu Hausawan nan ba mu da yawa, magana in ta fita yau gobe tana Kano.

Abin da na yi zuwa yanzu, na karɓe kayan, na naɗe su a tsohon ɗankwali suna cikin but ɗin motata, na samu ganin likitan yara ran Litinin mai zuwa don a auna jininsa a duba hanta da zuciya, nas ɗin ta ce in faɗa wa likitan komai kada in rage. Na karɓi hutun kwana biyar a wajen aiki na ce ba ni da lafiya. Cikin dare ina tashi sau uku sau huɗu in leƙa ɗakinsa in ga yana numfashi. Jiya bai ci abinci ba, bai je jim ba, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, na zauna a bakin gadon na dafa ƙafarsa bai ce min komai ba.

Dan Allah Anti ki taimake ni da abu uku, ke da likitocin da kike gayyata da duk iyayen da suka taɓa shiga irin wannan. Ta yaya zan gaya wa babansa ba tare da gidan ya kama da wuta ba, ko kuwa in bari sai mun ga likita in sa shi ya zo a faɗa masa a can? In na ɓoye masa kuma ya ji daga baya ba na jin zai yafe min. Na biyu, uwar yaron can, in faɗa mata ko in ja bakina? Na uku kuma, wane kalami zan yi wa ɗana ya yarda cewa ko bai sake taka filin nan ba muna sonsa, tunda da bakinmu muka nuna masa akasin haka shekara da shekaru? Na gwada faɗa masa shekaranjiya, ya ce Mama yanzu kike faɗa don kin tsorata.

Babansu ya kira ɗazu daga hanya, ya ce in Allah ya yarda Alhamis da yamma zai shigo, wai ya matsa ne ya dawo da wuri don ya kalli wasan yaron na ran Juma'a. Dan Allah in da hali ki karanta wasiƙar nan a shirin Laraba.

Taki,
wata uwa daga Dalas