Da kuɗin firizata ya sayo hom tiyata, yanzu ya ce ni na ƙona shi

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da mu. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu, domin ƙannen maigidana ba sa barin wannan fili ya wuce su. Ko da yake ko an sakaya ina jin za su gane. To su gane ɗin, na gaji.

Jiya da daddare, a gaban mahaifiyarsa da ƙanwarsa, baban yarana ya dube ni ya ce da gangan na ƙona masa kayan sautinsa, kuma tunda haka ne bashin da nake bin sa ya bi ruwa, wai an yi canjaras. Hajiya ba ta ce komai ba, sai kallona da ta yi. Ƙanwar kuwa har da murmushi. Anti ban runtsa ba, shi ya sa za ki ga rubutun nawa ba kai ba gindi.

Ni ina sana'ar zoɓo da kunun aya da lemon citta a cikin gida, yara suna kai wa masu shaguna a bakin titi. Wanda bai taɓa yin kunun aya ba bai san wahalarsa ba. Za ki jiƙa aya tun dare, ki wanke, ki kai niƙa da dabino da kwakwa, ki tace, ki ɗura a gora, sannan idan bai samu sanyi ba kafin la'asar ya yi tsami, sai zubarwa. Ƙaramin firij ɗin da Babanmu ya saka min a kayan ɗaki shi nake lallaɓawa, gora nawa zai ɗauka? Sauran sai na sayi ƙanƙara na zuba a kula, ita kuma ƙanƙara da zafi ya shigo sai ta cinye ribar duka. Shi ne na shiga adashi, mu goma, N40,000 duk wata, da niyyar in na kwasa in sayi firiza babba mai murfin sama, irin wadda ke riƙe sanyi ko an ɗauke wuta. Har Sabon Gari na je da yayata muka taya, muka ga wadda za ta yi. Na roƙi uwar adashi ta ba ni kwasa da wuri saboda in samu kafin azumi, wata baiwar Allah ta yarda muka yi musanyar layi. Ba kowa zai miki haka ba.

Ranar da N400,000 ta shigo hannuna, a daren ya ce in ara masa, wai akwai kayan da suka iso zai juya, sati biyu ya mayar min har da ɗan ihsani. Ban yi musu ba. Mijina ne. Malamarmu ta Islamiyya kullum tana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma wace mace ce za ta miƙa wa uban 'ya'yanta biro ta ce sa hannu? Da na yi haka da tuni an ce ba ni da tarbiyya.

Ba a yi sati ba sai ga a-daidaita-sahu a ƙofar gida da kwalaye. Talabijin mai inci 55, wadda ya ce a hannun abokinsa ya karɓa zai riƙa biya a hankali, Allah ne masani. Sai wani dogon kwali, wai hom tiyata. Na ce ina kayan da za a juya? Ya ce maganar ta wargaje, kuma ya ga wannan a farashin da ba zai sake samu ba, tunda dala ba sauka take yi ba. Har cewa ya yi ai jari ne.

Washegari ya zo da wani yaro mai haɗawa. Anti da kin ga abin da suka yi wa falona. Abin sifika biyar ne da wani ƙaton akwati da suke ce wa wufa, shi ne wai 5.1. Biyu dogaye sai an tsayar da su dama da hagu na talabijin, ɗaya gajera a tsakiya wadda muryar masu magana ke fita daga cikinta, biyu kuma a bayan mai zama. Yaron ya ce dole kujerar zaman mutum uku ta dawo tsakiyar falo ta fuskanci talabijin, in ba haka ba sautin ba zai kewaye mutum ba. Saboda haka aka ja kabet ɗina da ke jikin bango, da kwanukan da Innarmu ta tara min tun ina 'yar makaranta, aka tura shi lungu bayan ƙofa. Gilashin gefe ɗaya ya tsage wajen ja, ba wanda ya ce min sannu. Suka huda bango wuri huɗu, a gidan haya fa, suka bi da wayoyi ta ƙarƙashin kafet. Sun fi awa suna faman neman murya, ashe wayar HDMI ɗin ba a ramin da aka rubuta ARC suka soka ta ba. Ni ce ma na ga rubutun a bayan talabijin na nuna musu, amma yanzu ni ce wadda ba ta san darajar kaya ba.

Na manta ban faɗa miki ba, yaranmu uku, ƙaramar tana goyo. Kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani dattijo mai hawan jini. Ita wufar nan ba kunne kawai take shiga ba, a ƙirji ake jin ta, ko an rage murya sai kin ji bango yana rawa. Kwanukan cikin kabet har kaɗawa suke. Ranakun Talata da Laraba in ana gasar zakarun Turai, abokansa sai su cika falon tun bayan isha'i, ba za su tashi ba sai wajen sha ɗaya, ni da yara muna ƙunshe a uwar ɗaka, ko banɗaki zan fita sai na saka hijabi. Asabar da Lahadi kuwa ba a magana. Mutumin da a da yake zuwa gidan kallo ya biya kuɗinsa ya dawo, yanzu ya kawo min gidan kallon har gida, kuma ni ce mai dafa shayi. Matar dattijon nan ta shigo ta yi min magana cikin mutunci. Da na isar wa maigidan sai ya ce hassada ce, shi ba Band A yake ba, wato layin da aka fi ba wuta, balle a ce ya dame su dare da rana, wutar ma yaushe ake kawowa.

To a kan wutar nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muka daina tayar da janareta sai dole. Ko na ce kunun aya zai lalace, cewa yake ba shi da kuɗin fetur. Amma tun da abin nan ya shigo gidan, ranar ƙwallo fetur ba ya yankewa. Kuma in an tayar, sai a zare firij ɗina wai janareta ba zai ja ba.

Ga inda maganar take. Sitabilaiza ɗaya ce a gidan, kuma tawa ce, tare da firij Babanmu ya saya, rasit ɗin yana nan a jakata. Ranar da aka haɗa kayan, yaron ya ce kada a kuskura a jona wufa kai tsaye a bango saboda yadda wutarmu take hawa da sauka, tunda a cikin akwatin wufar ne injin da ke ba sauran sifikun ƙarfi yake. Sai maigidan ya shiga kicin ya zare tawa ya kai falo, bai ko tambaye ni ba. Tun daga nan in aka kawo wuta mara ƙarfi sai in ji firij yana gurnani ya kasa tashi. Na yi magana, na sake yi, ya ce zai sayo wata. Ranar Alhamis da ta wuce ina da odar kunun aya na suna, wutar kuma ja ce kamar ta kyandir, shi ba ya nan. Na ɗauko sitabilaizata na mayar da ita inda take tun asali. Tawa ce. Filogin nasa kuma na soka a bango don kada ya dawo ya ga waya a ƙasa ya yi faɗa, kuma a kashe abin yake, da rimot na ga ya kashe shi da safe. Wa ya taɓa gaya min cewa kashewa da rimot ba kashewa ba ce? Can da yamma aka ɗauke wuta aka dawo da ita da wani irin ƙarfi, ƙwan kicin ya fashe, sai na ji ƙauri daga falo. Ba mu kaɗai ba ne, a layinmu akwai waɗanda suka rasa fanka da caja. Talabijin ɗin ba abin da ya same ta. Wufar ce ta tafi, kuma tunda ta tafi duk sifikun biyar sun yi shiru.

Ya kai shagon da ya saya, suka ce garanti bai shafi abin da wuta ta ƙona ba. Mai gyara kuma ya ce sai an canja allon ciki gaba ɗaya, in ma an samu irinsa. Tun ranar bai ci abincina ba. Mutumin da bai taɓa lura yaro ba shi da takalmin makaranta ba, shi ne na gani zaune a gaban akwati ya yi tagumi kamar an yi masa rasuwa.

Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda aka bar jaki ake dukan taiki. Ba wanda ya tambayi kuɗin wa aka sayi abin da shi. Hajiya ma ban tabbata ta san da maganar bashin ba kafin jiya, kuma yadda ya faɗe ta a gabanta, sai ka ce wani ɗan canjin cefane ne. Ni kuwa har yanzu ina zuba N40,000 duk wata, domin sauran mutane ba su kwasa ba, kuma wadda ta ba ni layinta tana jiran nata. Daga ina zan fitar? Daga firij ɗin da gora kaɗan yake ɗauka? Na riga na sayar da ɗan kunnena ɗaya na zinare na yi zubin watan jiya, bai sani ba, Innarmu ma ba ta sani ba.

Kuma akwai abin da ban so faɗa ba. Kwanakin baya na ji shi a waya yana ce wa wani, in an gama ginin can zai kwashe kayan kallon ya kai. Wane gini? Ni ban san da wani gini ba. Ƙanwarsa kuma ta taɓa jefa min magana wai falon yayanta ya zama na ango. Wataƙila wasa take, amma yarinyar nan ba ta magana a banza. In aure zai ƙara, Allah ya halatta masa, ban isa in hana ba, amma da kuɗin kunun ayata za a yi wa wata ado?

Yayata ta ce in tattara yarana in taho gida sai ya biyo ni da kuɗin a hannu. Wata ƙawata ta ce in kai shi Hisba, su suna sasanta irin wannan. Ni ban taɓa yin yaji ba, kuma Babanmu ba shi da lafiyar da zan kai masa wannan magana. In na je Hisba kuwa, ba takarda, ba shaida, sai uwar adashi da ta san ranar da na kwasa, sai saƙon banki da ya nuna na tura masa. Shin wannan ya isa? Kuma in na kai shi, ai auren ne zai girgiza, ko ba haka ba?

Anti ki taimake ni ki tambayar min malaman da kike gayyatowa. Tunda da bakinsa ya ce ba zai biya ba, ashe kayan ba nawa ba ne ke nan? Sifikun nan biyar lafiyarsu ƙalau, yaron da ya haɗa ya taɓa cewa ana sayen su a ware. In na kira shi ya kwance su ya sayar min na yi zubin wata biyu, na ci haram? Ranar Asabar ya ce zai kawo mai gyara ya ɗauki komai, kuma in suka fita daga gidan nan na san ba zan ƙara ganinsu ba. Don Allah a karanta tawa kafin ranar.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Daga 'yar'uwarki a Kano.