A kan kumburi, raɗaɗi da haɗin kemis

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina gani a shekarun da na yi ina wankin miki a asibiti kafin in yi ritaya, wanda kuma ya shigo har cikin gidanmu a kakar shinkafar da ta wuce.

Ɗan ƙanwata yana yankan shinkafa a fadamar Argungu lauje ya sare shi a ƙauri. Ya barbaɗa toka, ya ɗaure da tsumma, da yamma ya biya kemis aka zuba masa ƙwayoyi kala huɗu a ƙullin leda, abin da samarinmu ke kira haɗi. Kwana shida ya yi yana komawa cikin taɓo da wannan ƙafa. Ranar da mahaifiyarsa ta turo a kira ni, na tarar da ƙafar ta kumbura tana sheƙi, jan ya haura zuwa gwiwa, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, jikinsa kuma zafi rau. Da na tambaye shi dalilin da bai zo tun farko ba, sai ya ce, "Kawu, ai da na sha haɗin ba ni jin komi." Wannan amsa tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Idan fata ta yage, cikin 'yan mintuna jini kan daskare ya toshe bakin raunin. Daga nan naman da ya ji rauni sai ya saki wasu sinadarai, daga cikinsu akwai histamin, waɗanda ke sa ƙananan hanyoyin jini su buɗe su kuma riƙa tsattsafo da ruwa. Yawan jinin da ya kwararo wurin shi ke kawo ja da ɗumi, ruwan da ya tsattsafo cikin nama shi ne kumburin. Ta wannan ƙofa da ta buɗe fararen ƙwayoyin jini ke fitowa cikin 'yan sa'o'i su far wa ƙwayoyin cutar da suka shiga, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma wasu manya daga cikinsu su iso su kwashe matattun da dattin da ya rage. Mugunyar da muke ƙyama galibinta gawarwakin waɗannan fararen ƙwayoyi ne da na abin da suka yaƙa. Wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa alamomin nan huɗu tun ƙarni na farko na Miladiyya, wato ja da kumburi da ɗumi da ciwo, kuma har yau da su ake fara koya wa ɗaliban likitanci. Saboda haka ɗan kumburin da ke bin sabon rauni na kwana biyu ko uku aikin jiki ne da Allah Ya tsara, kuma sai da shi gyara ke farawa. Bayansa ne jan nama ke tsirowa daga ƙasan mikin, fata ta taho daga gefe ta rufe, tabo ya ci gaba da yin ƙwari wata da watanni, ko da yake bai cika wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali ba.

Raɗaɗi kuwa yana da hanyarsa. A cikin fata da nama akwai bakin wasu siraran jijiyoyi da ke ɗaukar saƙon rauni su kai shi laka, daga laka ya wuce ƙwaƙwalwa, a can ne mutum ke jin zafin. Wurin da ya kumbura yana samar da wani sinadari da ake kira furostagalandin, wanda ke sa bakin jijiyoyin nan su zama masu saurin ji, shi ya sa ko shafar riga kan dami mai maruru. Hikimar a fili take: ciwon ne ke hana ka taka ƙafar har ta samu ta haɗe. Wanda ke son sanin darajar jin zafi ya dubi mai kuturta, domin yawancin yatsun da yake rasawa ƙuna ce da ƙaya da yanka waɗanda bai ji shigarsu ba saboda jijiyoyinsa sun mutu. Haka na sha ganin mai ciwon sukari da ya wuni da tsakuwa a cikin takalmi bai sani ba, sai da gyambo ya kama tafin ƙafarsa. Hausawa sun ce jiki magayi, to da raɗaɗi yake gaya maka.

A shekarar 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki samar da furostagalandin, kuma a kan haka ya samu kyautar Nobel a 1982. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda da wuya a rasa ɗayansu a cikin haɗi, ta wannan hanya suke bi. Magunguna ne masu amfani idan an sha su bisa ƙa'ida, kuma ba na goyon bayan a bar mutum yana murƙususu alhali akwai sauƙi. Damuwata ita ce sinadarin da suke tsayarwa shi ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan narkar da abinci, shi ne ke taimaka wa jini ya isa ƙoda lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Manomin da ya haɗiye biyu ko uku daga cikinsu bai karya ba, ya wuni yana zufa a ranar Kebbi, yana yin haka kullum, yana kiran gyambon ciki da ciwon ƙoda da hannunsa. Mafi muni shi ne idan an jefa dexamethasone a cikin ƙullin, domin shi garkuwar jikin yake dannewa gaba ɗaya, kumburin ya lafa a ido, ƙwayoyin cuta kuma su samu sarari. Tramadol ma ya shiga hannun yaranmu da sunan maganin gajiya, ya bar su da jaraba.

Kumburin da ke aikin warkarwa yana tsayawa a inda raunin yake, yana raguwa bayan kwana uku. Idan aka ga yana ƙaruwa, ja yana bin gaɓa yana hawa, mikin yana wari, zazzaɓi ya shigo, ko mutum ya fara numfashi da sauri yana sambatu, to yaƙin ya fi ƙarfin wurin, kuma ba jifa ba ne ba sammu ba. Kumburin kan iya game jiki duka har ƙarfin gudun jini ya faɗi, ƙoda da huhu su gaza, abin da likitoci ke kira sefsis, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 11 a shekarar 2017. A wannan hali sakiyar wanzami ba ta isa ba, asibiti za a nufa a ranar. Toka da kashin shanu da baƙin mai kuwa a raba su da miki, don ƙwayar cutar tetanus mai sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle wankakke, a je a karɓi allurar rigakafi, sun fi su nesa ba kusa ba.

Edita, roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da hukumar NAFDAC shi ne su sa ido a kan sayar da ƙwayoyin da aka ɓare daga kwalinsu, waɗanda mai sha bai san sunansu ba balle adadinsu, gidajen rediyonmu kuma su ba ma'aikatan lafiya lokaci kafin kakar bana su yi wa manoma da masunta wannan bayani da harshen da suke ji. Ɗan ƙanwata ya yi kwana tara a gadon asibiti ana yi masa allurai, an tsaga ƙafar an fitar da mugunya, kuma shinkafar da ya ƙi hutawa saboda ita, maƙwabta ne suka ƙarasa yanke masa.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin jinya mai ritaya,
Argungu, Jihar Kebbi.