Masu shafukan WordPress, aikin ba ya ƙarewa ranar da aka gina

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin makarantu, ƙungiyoyi da ƙananan jaridu na Katsina da Daura da ke biya a gina musu shafin intanet da manhajar WordPress, su juya masa baya sai ranar da ya ƙi buɗewa.

Yawancin ɓarnar wajen sabuntawa take faruwa. Mutum ya tarar da plugin goma (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafin) suna jiran sabuntawa, ya zaɓe su duka ya danna, ana tsaka da aiki netwok ya ɗauke. Sai shafin ya maƙale yana cewa ana gyara. Dalili shi ne wani ɓoyayyen fayil mai suna .maintenance da manhajar ke ajiyewa kafin ta fara. A shiga cPanel, wato wurin sarrafa fayilolin shafin a kamfanin da ke ajiye shi, a buɗe File Manager, a kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, a goge shi. Wannan mai sauƙi ne.

Mai ɗaga hankali shi ne farin allo da saƙon babban kuskure. Sau da yawa kamfanin da ke ajiye shafin ne ya ɗaga PHP, yaren da aka rubuta WordPress da shi, daga 7.4, wanda aka daina kula da shi a Nuwamba 2022, zuwa 8, tsohon plugin kuma ya kasa tafiya da shi. A je foldar wp-content a File Manager, a canza sunan foldar plugins, a shiga sashen plugin na shafin domin duk su mutu, a mayar da sunan, sannan a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Idan wanda ya ƙirƙiri plugin ɗin ya shekara biyu bai taɓa shi ba, a nemi madadinsa, kada a tsaya lallaɓawa.

Sai tamu ta masu rubutu da Hausa. Idan ƙ, ɗ da ɓ suka fito da wata siffa daban ko ɗan akwati, salon rubutun jigon (theme, wato abin da ke ba shafin kamanninsa) ne ba shi da su, canza shi kawai za a yi. Amma idan alamar tambaya ce ta maye gurbinsu, “ƙasa” ta koma “?asa”, to rumbun bayanan da ke adana rubuce-rubucen shafin ne aka kwashe da tsarin haruffa na latin1 maimakon utf8mb4, kuma harafin da aka adana a haka ya tafi ke nan. Tsohon kwafi ne kaɗai zai dawo da shi, shi ya sa ake ɗaukar kwafin fayiloli da na rumbun kafin kowace sabuntawa, a ajiye a Google Drive, ba a kan sabar da shafin yake ba.

Jigon da asalinsa na sayarwa ne amma ake rabawa kyauta a Telegram kuwa, araha ce da ba ta ado. Sau da yawa an cusa masa ƙofar ɓarayi. Kuma shugabanni su binciki da imel ɗin wa aka yi rajistar adireshin shafinsu, domin can saƙon biyan kuɗin shekara yake zuwa. In na yaron da ya gina ne, a sa ya mayar da shi sunan ƙungiya tun ana ga maciji.

Naku,
Wani mai kula da shafukan intanet,
Ƙofar Ƙaura, Katsina