Salansar Babur: Ƙarfin Inji Ya Kamata A Duba, Ba Ƙara Ba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan yadda matasa a Zariya, musamman 'yan acaɓa da ke zirga-zirga tsakanin Kwangila, Sabon Gari da Tudun Wada, suke cire salansar da babur ya zo da ita, su sa wata mai ƙyalli da ƙara, ko kuma su kai wa mai walda ya fasa cikinta.

Da yawansu suna ɗauka cewa ƙara alama ce ta ƙarfi, alhali kamfanin da ya ƙera babur irin Bajaj Boxer ya auna tsawon bututun da faɗinsa daidai da ƙaramin injinsa. Idan aka sauya salansa ba tare da makanike ya daidaita kabireta, wato na'urar da ke haɗa iska da man fetur, ba, iska takan yi yawa, man fetur ya yi kaɗan a cikin inji, sai ya riƙa zafi, ƙarfin tashi da kaya ya ragu, bawul ɗin fitar hayaƙi ma yana iya ƙonewa. Wanda babur ne hanyar abincinsa bai kamata ya sayi wannan asara don ado ba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da su ja kunnen yaransu, domin ƙarar tana hana marasa lafiya da ƙananan yara barci a unguwanninmu.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya