A Ceci Tsofaffin Ogan na Cocin Ingila

Malam Edita,

Ina so in ja hankali kan ogan mai bututu na cocin Ingila, wato babban abin kiɗan nan da zugazugai ke hura wa bututunsa iska. Na babban cocin York, mai bututu sama da 5,000, an kwance shi a 2018, kamfanin Harrison & Harrison na Durham ya wanke shi bututu-bututu, ogan ɗin ya dawo aiki a 2021. Madalla.

Abin da ke ci mini rai shi ne na ƙananan coci. Ana rufe cocin, danshi ya ruɓar da katakon, fatar zugazugan ta tsattsage, a sayar da bututun darma a matsayin tarkace. Masu gyaran ma ƙalilan ne. Ya kamata a tallafa wa matasa su koyi sana'ar.

Naka,
Mai karatu